Ƙafafun Onno da Kwalaben Theda

Litinin, 13 ga Janairu, huɗu na yamma

Yanzu na dawo daga asibiti. Ko rigar sanyi ban cire ba na zauna rubutu, don in ban rubuta ba sai na fasa wani abu a kicin ɗin nan.

Dakta Saathoff, sabuwar likitar jini da ta karɓi Onno makon jiya, ta kira ni ofishinta ta tura ƙofa. Ta kira ni da sunan gidan mijina, ta ce, "Frau Poppinga, me mijinki yake sha a gida?" Na ce shayi. Ba ta yi dariya ba. Ta juyo mini da takardar gwaji, ta ce sinadarin tagulla da ke jininsa ya kusa ƙarewa ƙaf, zinki kuma ya yi yawan da sai da suka maimaita awon don ba su yarda ba. Ta ce ba ciwon ɓargonsa ne ya tsananta ba, kamar yadda aka yi wata bakwai ana zato ana ta ƙara masa jini. Wani abu ne yake haɗiya.

Jinin zai dawo, in ji ta, da zarar an fara ɗura masa tagullar ta jijiya. Na ce ƙafafun fa? Ta ce ranar ashirin ga Fabrairu za a gwada jijiyoyin, a ranar za ta iya gaya mini ko zai sake tafiya da kansa.

Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana taka ganuwar teku da ƙafa yana duba inda ruwa ya ci, yau sai an riƙe shi zuwa banɗaki.

Na buɗe kabad ɗin da ke saman firij. Kwalabe goma sha ɗaya. Duk yayarsa Theda ce ta kawo su, daga wurin Tammo mai magani. Na jera su a kan tebur ina kallo. Theda, wallahi sai kin san kin taɓo ni.

Talata, 14 ga Janairu, bakwai na safe

Goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. Uku daga ciki akwai zinki, an rubuta a baya da ƙananan baƙaƙen da sai an sa tabarau.

Laraba, 15 ga Janairu, biyu na rana

Bari in rubuta yadda aka fara, don ranar da zan tsaya gaban hukuma kada in manta komai.

Shekara biyu ke nan da aka ce ɓargon Onno ya yi kasala, ba ya yin jini yadda ya kamata. Likitan wancan lokacin ya ce abin bai yi tsanani ba, a zuba ido, a riƙa awo duk wata uku. Onno ya ce to. Ni ma na ce to. Theda ce ta ce ita ba ta ga ta zama ba. Tunda aka haifi matar nan ba ta taɓa zuba wa wani abu ido ba, ko tukunyar wani ta gani a kan wuta sai ta ɗaga murfin. Ta sa shi a mota ta kai shi wurin Tammo.

Tammo ajinmu ɗaya a firamare. Yaron da sai da ya maimaita aji uku, yau shi ne da farar riga da takardar izini a bango, da wani ƙaton hoton ƙwayar halitta mai launi-launi. Ya nuna wa Onno wasu 'yan abubuwa masu kama da wake a cikin hoton, ya ce sunansu mitokondiriya, su ne murhun jiki, kowace ƙwayar halitta da nata. Wai na Onno ne suka yi sanyi, shi ya sa ɓargon ya kwanta, a hura su kawai. Onno ya dawo gida yana ta maimaita kalmar kamar an raɗa wa jikansa suna. Kwalba uku aka fara da su, kafin shekara ta zagayo sun cika kabad.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Dakta Saathoff ta ce maganar murhun gaskiya ce. Yau ta zana mini a bayan ambulan. A cikin murhun nan ne sababbin ƙwayoyin jini suke ɗora ƙarfe a mazauninsa, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da tagulla. Zinki in ya yi yawa, tun daga hanji yake tare wa tagullar hanya. Sai ƙarfen ya taru ya toshe murhun, ƙwayar ta mutu tun tana cikin ɓargo. Jijiyoyin laka ma da tagullar suke rayuwa. Wato boka mai farar riga ya gano murhun daidai, sannan ya kwara masa ruwa. Na taho da ambulan ɗin gida.

A watan Mayu Onno ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar yana taka auduga. Theda ta buga wa Tammo waya, ya ce dafi ne yake fita, a ninka. Aka ninka.

Juma'a, 17 ga Janairu, biyar na yamma

Theda ta zo ƙarfe uku daidai, lokacin shayi, da kek ɗin tuffa a hannu. Ta yi gaisuwar garin nan, ta ce, "Moin, Okka." Na ce, "Moin," ban ƙara ko harafi ba.

Na fito da kofunan nan masu fure na uwarsu. Na sa mata dunƙulen sukari, na zuba shayin har sukarin ya yi ƙara, na zagaya madarar a gefen kofi yadda aka saba. Kwalaben suna nan jere a tsakaninmu, ban kawar ba.

Ta ce, "Okka, ni fa alheri na nufa."

Na ce, "Na sani. Alherinki yana kwance a ɗaki mai lamba tara."

"Tammo ya ce bai taɓa ganin..."

"Tammo ya ce! Tammo da har muka gama firamare bai san bakwai sau takwas ba."

"Ƙanina ne, Okka. Ni na raine shi."

"To kin gama rainon, sannu da aiki."

Ta shanye kofin farko. Tana ajiyewa na miƙa hannu na ɗauki cokalinta na tsoma mata a kofin da kaina. A garin nan ko mai karanta mita ya shigo sai ya sha kofi uku, kuma shi zai sa cokalinsa a kofi in ya ƙoshi, alamar ya gama ke nan. Ta dubi cokalin, ta dube ni, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta tashi ta ɗauki jakarta. Kek ɗin kajin maƙwabta na ba.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, na ji daɗi ƙwarai.

Lahadi, 19 ga Janairu, shida na yamma

Onno ya ci abinci sosai, leɓensa ya fara yin ja. An tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, ya yi taku huɗu yana kallon ƙafafunsa, don in bai kalle su ba bai san inda suke ba. Ya ce da mai koya masa tafiyar, "Baiwar Allah, waɗannan ƙafafun na wane ne? A mayar wa mai su, a kawo mini nawa." Kowa ya yi dariya, ni na fita baranda.

Da zan tafi ya riƙe hannun rigata. "Tsohuwa, an ce kin sa wa Theda cokali."

"Wa ya ce?"

"Garin duka."

"Ta ci sa'a cokali ne."

"Ki ƙyale ta. Ba ɗure ta yi mini ba, ni na buɗe bakina."

Na ce ya ji da ƙafafunsa, ni zan ji da yayarsa. Ya dube ni wani iri kamar zai ce wani abu, sai ya ce in miƙo masa jarida. A hanyar fita na gaya wa nas ɗin da ke kan tebur cewa likita ta ce ya huta, ban da ni kada a bar kowa ya shiga. Likita ba ta ce ba. Wayarsa ma na taho da ita, na ce caji za a yi mata.

Talata, 21 ga Janairu, tsakar rana

Na je wurin Tammo ba sanarwa. Mutum shida a ɗakin jira, na san biyar. Na zazzage kwalaben a kan teburin mujallu, na riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya ina karanta suna da ƙarfi kamar mai kiran yara a aji. Na ce da matar mai gyaran keke, "Irin wannan kike sha? To ki yi ban kwana da ƙafafunki tun yau." Mutum biyu suka tashi suka sa hulunansu.

Sai ga shi ya fito da murmushin nan nasa na mai wa'azi. "Okka, shigo ciki mu yi magana a natse."

"A nan za mu yi. A natse ka gurgunta mini miji."

Murmushin ya gudu. Ya ce ransa ya ɓaci, shekara ashirin yana aikin nan bai taɓa ganin haka ba. Sannan ya ce, "Amma duk wanda na ba magani, ina haɗa masa da takarda cewa ya sanar da likitansa abin da yake sha. Kun sanar?"

Na ce kada ya kuskura ya juya mini magana. Na kwashe kwalabena na fito. A mota na daɗe ban tayar ba.

Laraba, 22 ga Janairu, takwas na safe

Tammo ba shi da hurumin yi mini wannan tambayar.

Alhamis, 23 ga Janairu, huɗu na yamma

Dakta Saathoff ta nuna mini hoton ɓargon Onno a kwamfuta, wanda aka ɗebo daga ƙugunsa. Kowace ƙwaya an zagaye ta da ɗigo-ɗigo masu ruwan bula. Ta ce ƙarfen da ya maƙale a murhun ke nan. Abin har kyau ne da shi, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce ta buga mini ɗaya. Ta ce na mene ne? Na ce akwai wadda zan aika wa katin gaisuwa.

Juma'a, 24 ga Janairu, sha ɗaya na safe

Na buga wa ofishin lafiya na gunduma. Su suke ba irin su Tammo izini, su ne kuma suke iya ƙwacewa. Wata mai sanyin murya ta ce in rubuto ƙorafi, in haɗo jerin kwalaben da hotunansu, da kwafin takardun asibiti tun daga farko. Ta ce, "Duka fa, har da wadda ake cikewa ranar da aka fara karɓar mara lafiya." Na ce ita kuma ta mece ce? Ta ce don a ga ko asibiti ya san yana shan su. Na ce to.

Na nemi kwafin a asibiti, sun ce sai mako guda. Da wata guda suka ce ma ba zan damu ba.

Asabar, 25 ga Janairu, huɗu na yamma

Ƙungiyar su Onno ta jifan ƙwallo a kan hanya ta wuce ta gaban gidanmu, suna jan amalanken giyarsu. Shekara ashirin shi ne mai jifan farko, ya san kowane gangare da kowane faci na hanyar nan. Yau wani ne ya jefa, ƙwallon ta faɗa magudana tun kafin kwana, suka yi rabin awa suna lalube da sanda mai raga.

Suka tsaya a shingenmu. Focko, shugabansu, ya cire hula ya ce, "Okka, yaya gwanin namu?" Na ce gwanin yana koyon taku huɗu. Na zayyana musu labarin tas, da sunan wadda ta kawo, da sunan wanda ya bayar, da maganar a ninka. Maza goma sha biyu, kowanne da mata a gida. Ba sai na buga a jarida ba.

Focko ya ce sun ajiye masa wurinsa har ya warke. Na ce su ajiye.

Talata, 28 ga Janairu, tara na safe

An ce jiya Theda ta shiga gidan burodi ta yi gaisuwa, ba wanda ya amsa. Madalla. Ita ta kawo kwalaben.

Alhamis, 30 ga Janairu, uku na rana

Takardun asibiti sun zo. Suna kan firij.

Juma'a, 31 ga Janairu, uku na rana

Suna kan firij. Na wanke tagogin gidan duka a cikin ruwan saman nan.

Litinin, 3 ga Fabrairu, goma na safe

Na buɗe. Shafi na biyu ne. Uku ga Yuni, ranar da aka fara kai shi ƙarin jini. An tambayi magungunan da yake sha a gida, har da bitamin da ƙwayoyin gina jiki da na ganye. An bar layi shida. A layin farko an rubuta "babu". Rubutuna ne, ko daga nesa zan gane shi.

Tabaraunsa ya manta ranar, shi ya sa na cike masa. Nas ɗin ma ta sake tambaya da baki, na ce babu.

Ba mantuwa na yi ba. Ta yaya zan manta, ni da nake zuba masa su a akwatin kwana bakwai duk Lahadi bayan coci? Da aka ce a ninka, hannun nan ne ya ninka. Amma a garin nan wa yake gaya wa likitan asibiti cewa yana zuwa wurin Tammo? Rabin garin suna zuwa, ba mai faɗa. Kana faɗa za su ɗaga gira su dubi juna, ka ji kamar ka shigo musu da takalmin laka. Kuma abin da ake sayarwa a kanti kusa da man goge baki, wa yake lissafa shi a magani? Uwata ma haka take yi, likita da nasa, mai ganye da nasa, kada ɗaya ya ji labarin ɗaya. Kunya na ji. Kunyar minti ɗaya a gaban wata nas da ko sunanta ban riƙe ba.

A watan Yuni da ƙafarsa ya shiga asibitin. Shi ma ya tuƙo motar.

Amma ba ni na kawo su gidan nan ba. Theda ce ta kawo. A rubuta wannan.

Laraba, 5 ga Fabrairu, ɗaya na rana

Na tari Dakta Saathoff a kan matakala, na tambaye ta kamar a kan wani nake tambaya, na ce da an gano tun bazara da yaya? Ta ce da an gano a Yuni, tsayar da ƙwayoyin da ɗan ƙarin tagulla sun isa, mai yiwuwa ɗan ɗingishi ne kawai zai rage. Sannan ta rage murya ta ce, "Frau Poppinga, mutane da yawa suna rubuta babu." Ashe ta karanta tun tuni. Na ce ina sauri, na ajiye mota inda ba a ajiyewa.

Na tsani yarinyar nan da kirkinta.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Na rubuta ƙorafin, shafi huɗu, na karanta wa kaina da ƙarfi a kicin har sau biyu. Ya yi kyau. In Tammo ya tsira daga wannan, ni ba 'yar ubana ba ce. Sunan Theda ya fito sau tara. Na haɗa takardun asibiti duka, ban da shafi na biyu, shi na tura shi ƙarƙashin zannuwan gado a kabad. Ban liƙe ambulan ɗin ba tukuna.

Litinin, 10 ga Fabrairu, biyar na yamma

An sallamo Onno da abin dogarawa mai taya huɗu. Jininsa ya hau, an daina maganar ƙari, ɓargon ya koma 'yar kasalarsa ta da. Focko da wasu sun sauko mana da gado falo. Ya zagaya teburin cin abinci sau ɗaya, ya zauna yana haki, ya ce teburin ya ƙara girma a bayansa.

Mun tarar da tukunyar miyar wake a bakin ƙofa, an naɗe ta da tawul, ba takarda. Na san tukunyar. Na juye miyar a bayan gida, na ajiye tukunyar a bakin titi. Onno ya ji ƙarar murfin, ya ce, "Miyar Theda ce?" Na ce ta yi tsami. Ya ce, "A wannan sanyin."

Alhamis, 13 ga Fabrairu, sha ɗaya na safe

Na hango ta a maƙabarta tana share kabarin iyayensu. Ta rame, rigar ta yi mata yawa. Matar fasto ta ce ta ajiye shugabancin ƙungiyar mata, ta daina zuwa waƙar coci. Shekara saba'in da ɗaya, ba miji ba ɗa, Onno kaɗai gare ta, ni kuma ko muryarsa na hana ta ji. Na tsaya bayan shinge ina jira in ji tausayi ya zo. Bai zo ba. Abin da ya zo mini shi ne, muddin ana kallon ta, ba mai kallona. Na san haka sarai, na kuma dawo gida na fere dankali.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, biyu na rana

Saura kwana huɗu. Ya ce yana jin babban yatsansa na hagu ya fara dawowa. Na ce ya kalli silin, na soka masa allura a hankali. Yana ta jira in fara. Na ce masa yatsan ya motsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, biyar na yamma

An yi gwajin. Dakta Saathoff ta ce lalacewar ta tsaya, ba za ta ƙara hawa ba. Abin da ya tafi kuma, kaɗan ne zai dawo. Cikin gida da abin dogarawa, zai iya. Hanya, a'a. Onno ya ce, "Jifa fa, Likita?" Ta ce ai sai an yi gudu kafin a saki ƙwallon, ko? Ya ce taku goma sha biyu. Ta girgiza kai. Ya ce, "To, shi ke nan," ya miƙa mata hannu ya yi godiya.

A mota na fara. Na ce gobe wasiƙar za ta tafi, Tammo sai ya rufe shago, Theda kuwa ko mutuwa na yi kada ta zo jana'izata. Ya bari na gama. Sannan ya ce in tsaya a gefen hanya.

"Okka, tabarau na manta ranar, ban manta kunne ba."

Na riƙe sitiyari.

"Ina zaune kusa da ke. Nas ta tambaya, kika ce babu, ni kuma na gyaɗa kai. Ni ma kunyar nake ji. Mu uku muka yi aikin nan, huɗu da Tammo. Amma mutum ɗaya ce ba a amsa wa gaisuwa a gidan burodi."

Na ce, "Tun yaushe kake da wannan a cikinka?"

"Tun ranar da likita ta ce zinki. Jira nake in ga ranar da za ki gaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ke matata ce, ita yayata. Ƙafafun sun tafi, tsohuwa, ba na neman su a wurin kowa. Amma ba zan rasa su in kuma rasa Theda a hunturu ɗaya ba."

Na ce ban gaji ba. Ya ce to ja motar, fitsari yake ji.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, goma na safe

Na ciro shafi na biyu na yi kwafi. Ɗaya na sa a ambulan ɗin ƙorafin, na liƙe, na jefa a akwatin gidan waya kafin in canza shawara. Wataƙila shafin ya wanke Tammo rabi. Rabin da ya rage ya ishe ni, sai na ga ƙarshensa. Ɗayan yana cikin jakata.

Asabar, 22 ga Fabrairu, sha biyu na rana

Na je gidan Theda. Ba ta ce in shigo ba, ni ma ban nema ba. Na miƙa mata a bakin ƙofa. Ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa, ta duba kwanan wata.

"Rubutunki ne."

"Nawa ne."

"Yaushe kika tuna?"

"Ban taɓa mantawa ba."

Na zaci za ta yi ihu, ihun na shirya wa. Ta ninke takardar biyu ta miƙo mini.

"Mako shida, Okka. Mako shida ina roƙon Allah ya ɗauki raina ya mayar masa da ƙafafunsa."

Na ce zan je gidan burodi ranar Litinin in faɗa da bakina, zan kuma gaya wa Focko. Ta ce in je ko kada in je, ni ta shafa.

"Laraba zan zo ganin ƙanina, daga uku zuwa biyar. Kada in same ki a gidan."

Na ce gidana ne. Ta ce ta sani. Ta rufe ƙofa.

Litinin, 24 ga Fabrairu, tara na safe

Na faɗa a gidan burodi, mutum bakwai a layi. Kowa ya sami abin kallo a cikin gilashi. Can mai shagon ta ce, "Na kullum?" Na ce na kullum.

Har yanzu ina nan kan cewa ita ta kawo su.

Laraba, 26 ga Fabrairu, shida na yamma

Na fita uku saura kwata. Shekara talatin da takwas a gidan nan ban taɓa neman wurin zuwa daga uku zuwa biyar ba. Na zauna a mota a gindin ganuwa ina kallon tumaki, rediyo a kashe. Sanyi ya koro ni da wuri, na ajiye motar nesa na tako.

Ta tagar falo na gan su. Ta ture abin dogarawar gefe, ta sa kafaɗarta a hammatarsa, ita da ko haɓarsa ba ta kai ba. Yana kallon ƙafafunsa, tana ce masa wani abu da ban ji ba, daga gani faɗa take yi masa. Daga tebur zuwa ƙofar kicin. Na ƙirga, taku bakwai. Da ni bai taɓa wuce biyar ba. A na bakwai ya kama ƙofar yana dariya, ita tana goge ido da bayan hannu.

Har na ciro makulli. Na duba agogo, biyar saura minti goma sha biyu. Na tsaya a cikin ruwan sama har biyar ta cika.